Tsuntsun da Ya Juya Baya

Kai ne ka zura takardar nan a cikin fayil ɗin yaron. Kai ɗin nan da na goya a bayana, uban yarinyar da ta kwana shida a ɗakina, abinci sai an yi mata dole. Kada ka buɗe baki tukuna. Zauna. Tun kana ƙarami idan za ka yi ƙarya sai ka fara sosa bayan kunne, ga hannunka har ya ɗaga.

Ni ban yi makaranta ba, ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba. Amma shekara arba'in na yi ina sayar da yadi, ba a taɓa sayar mini da jabu ba. Zan jero maka abin da na gani tun daga farko, don kada gobe ka ce tsohuwa ce ta ruɗe.

'Yarka, wadda nake kira Mai Fensir tun tana 'yar shekara biyar saboda bangona da ta ɓata, ta gama makarantar zane bana. Wani kamfani mai zana kwalaye da yadi ya ce yana neman sababbin hannu guda biyu. Kowa ya kai aikinsa a fayil, wani abu ne kamar littafi, sai dai ledoji ne a ciki maimakon shafi, a buga zanen a inji, a zura ɗaya a kowace leda. Ta haɗa nata. Dogo ma ya haɗa nasa.

Dogo ai ka san shi. Ɗan ajinsu, ɗan mai gyaran keke, wanda ya shekara uku yana zuwa ƙofar gidan nan da riga biyu, yau shuɗiya gobe fara. Ina zaune ya durƙusa a gabanka ya ce yana son ta, ka ce masa, "Ranar da ka samu aiki ka turo manyanka." Ka faɗa kana murmushi, don a zatonka mai zane ba ya samun aiki. Zuciyarka tana kan ɗan abokinka, Mai Inji, mai shagon buga takardu, mai mota, wanda turarensa ke riga shi shigowa gida.

Sai ga kamfani yana neman mutum biyu. Tun ranar murmushinka ya ɗauke. Na lura, amma na ɗauka ciwon gwiwarka ne ya tashi.

* * *

A cikin zanenta akwai guda da ta fi ji da shi. Tsuntsaye ne a jere kan waya, irin waɗanda muke gani ta tagata da safe. Sati uku tana fama da shi a kan tabarmata, ta zana, ta goge, ta dunƙule takardar ta jefar.

Ran nan na leƙa na ce, "Ke, waɗannan sojoji ne ko tsuntsaye?"

"Me suka yi kuma, Kaka?"

"Duk sun fuskanci waje ɗaya. Leƙa taga. Kullum akwai mai taurin kai guda da ya juya wa 'yan uwansa baya."

Ta leƙa, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wallahi kin fi malaminmu."

"To a kawo mini tawa takardar shaidar."

Ta yi dariya, ta juya tsuntsu na huɗu. Takardun da ta jefar kuwa ban zubar ba, ni ba na zubar da takarda. Na miƙe su da dutsen guga na shimfiɗa a kabad, ƙarƙashin kwanukana. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ranar da aka kira su ganawa ta fita tana ƙamshi. Kafin azahar ta dawo da takalmi a hannu, ta faɗa kan gadona.

"Kaka, ya cuce ni."

"Wa?"

"Dogo. Tsuntsayena suna cikin fayil ɗinsa. Tare aka shigar da mu, shugabar masu zanen ta buɗe nawa, ta buɗe nasa, zane ɗaya sak."

"Shi me ya ce?"

"Ya ce nawa ne. Ta ce to ta yaya ya shiga naka? Sai ya yi shiru. Ta ce wataƙila ma yi wa juna aiki muke, ba za ta ɗauki wanda ba ta san hannunsa ba. Ta ce mu tafi duka."

Ba ta rufe baki ba aka yi sallama a ƙofar gida. Shi ne. Ta fita da hawayenta, ni kuma na tsaya bayan labule. Ba na ɓoyewa, saurare na yi.

"Ki saurare ni ko minti ɗaya ne," in ji shi.

"Shekara uku ina sauraron ka."

"Wallahi ban sa shi ba."

"To wa ya sa? Aljani?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka gani? A gaban matar ma haka ka yi. Da ka roƙe ni, da hannuna zan cire shi daga nawa in ba ka. Ka san zan ba ka. Me ya sa sai ka sata?"

"Akwai abin da ba zan iya faɗa ba."

"To riƙe abinka. Ni ma akwai abin da ba za ka sake ji daga bakina ba."

Ta rufe ƙofa a fuskarsa. Kai kuma ka fito daga ɗakinka ka ce, "Dama na faɗa muku." Amma da ka ji ita ma an kore ta, kofin da ke hannunka sai da ya zube a kan rigarka. Na ga wannan.

Da yamma sai ga Mai Inji da ledar lemo, ya zo jaje. Ya ce kada ta damu, akwai kujera a shagonsa, akwai kuma wata kujerar a motarsa. Matarka ta yi ta washe baki. Kwana huɗu yana zuwa, kai da uwarta kuna ta zuba mata, ga mai kunya, ga mai sana'a, me ake da ɓarawo. Ran na huɗu na ji ta ce, "Duk yadda kuka yi, Baba." Muryar da ta faɗa da ita, da gawa tana magana da haka za ta yi.

* * *

Ni dai abu ɗaya ya hana ni sukuni. A kasuwa na ga ɓarayin yadi iri-iri, ban taɓa ganin wanda ya saci turmi ya zo ya baza shi a rumfar mai shi ba. Yaron nan ya san ita ma can za ta kai nata. Wane irin wawa ne zai yi haka? Kuma Dogo ba wawa ba ne, talaka ne kawai.

Jiya da safe na ɗauki sandata na tafi rumfar ubansa. Na same shi yana sa wa taya faci, ya rame sai wuya.

"Sannu da aiki, angon da bai yi sa'a ba."

Ya durƙusa. "Ina kwana, Kaka."

"Bar gaisuwa. Wa ya taɓa fayil ɗinka bayan kai?"

"Kaka, a bar maganar."

"Na yi maka kama da mai barin magana? Ƙafata ta kumbura kafin in zo nan. Wa ya taɓa?"

Ya daɗe yana murza tsumman hannunsa. Sannan ya ce, "Na kai wa Babanta ya gani. Don ya san ba wasa nake ba. Ya ce in bar masa ya duba a nitse. Kwana biyu yana wurinsa. Ranar da za a rufe karɓa ya miƙo mini a cikin ambulan, ya manne bakin, ya ce Allah ya ba da sa'a."

"Ba ka buɗe ba?"

"Yaya zan yaga abin da ya manne da hannunsa ya yi mini addu'a a kai? Gudu na yi na kai."

"Shi ya sa ka yi shiru a gaban matar."

"Ubanta ne, Kaka. Idan na faɗa, da wane ido za ta kalle shi? Gara ta tsane ni."

Ka ji? Ɗan mai gyaran keke ne ke rufa maka asiri, kana cikin gida kana kiran sa ɓarawo. Duk da haka ban yarda ba. Na ce a raina ɗana ne, sai na taɓa da hannuna.

Na dawo gida na kwashe kwanukana kaf, na tattaro takardun da ke ƙarƙashinsu, wasu da tabon mai, wasu da zoben gindin kwano. Na ƙulle su a ɗankwali na hau mota.

Kamfanin a hawa na uku yake. Suka nuna mini wani akwatin ƙarfe da ke haɗiye mutane ya hau da su, na ce a'a, ina da ƙafa. Ɗakin masu zanen babba ne, sanyi kamar cikin randa, kowa ya zuba wa gilashi ido yana jan wani ɗan abu a kan tebur. Na tsaya bayan wata na ga ta taɓa ja ya koma kore ba tare da ta jiƙa komai ba. Na ce, "'Yar nan, ina fentin yake shiga?" Duk suka yi dariya. Har yau ba wanda ya ba ni amsa, kuma ina son in sani.

Shugabarsu mace ce mai tabarau, furfura ta fara fito mata. Ta ce, "Mama, wa kike nema?"

"Wadda ta kori jikata."

"Ni ce. Ki zauna."

"Zan zauna don gwiwata, ba don ke ba."

Na kwance ɗankwalin na baza mata takardun. Ta ɗauki ta farko, ta biyu, ta jera su a tebur kamar mai shirin yanka riga. Ga tsuntsayen duk sun fuskanci waje ɗaya, ga inda aka goge na huɗu har takarda ta kusa hujewa, ga shi ya juya baya.

"Me ya sa ta juya shi?" ta tambaye ni.

"Ni na ce ta leƙa taga."

Ta cire tabarau ta dube ni sosai. Ta ce, "Wannan muke tambayar kowa ya kawo, aikin farko, amma yaran yanzu zubarwa suke. Zanen nata ne, babu shakka. Wannan tabon fa?"

"Man girki ne. Ba ya cikin zanen."

Ta yi dariya. Na ce, "To ɗauko mini fayil ɗin yaron."

Ta ɗauko. Na sa yatsa zan zaro takarda daga leda, ta ce, "Mama, ba a cirewa, ta baya ake kallo."

"Ku kuke kallo. Ni taɓawa nake."

Na zaro ta farko na murza. Sirirya ce, mai kaushi, irin ta masu araha. Ta biyu haka, ta uku haka, har goma sha ɗaya. Na zo kan tsuntsayen. Kauri, santsi, kamar an shafa mata mai. Na kai hanci, wari daban. Na ce ta ba ni na jikata. Na murza. Uwa ɗaya uba ɗaya.

"Taɓa ki ji," na ce mata.

Ta taɓa wannan, ta taɓa waccan.

"Mutum huɗu muka duba fayil ɗin nan," in ji ta, "ba wanda ya cire ko ɗaya."

"To yanzu fa?"

"Jikarki ta zo ta fara aiki. Shi kuwa, takarda ba ta isa ta wanke shi ba, yana iya zuwa ko'ina ya buga. Jibi da ƙarfe goma muke rufe maganar. Idan wani ne ya sa masa, mai shi ya zo ya faɗa da bakinsa. In ba haka ba mu rubuta abin da muka gani. Kuma ki sani, masu wannan sana'a a garin nan ba mu da yawa, duk mun san juna. Wanda aka ce ya saci zane, ko allon shago ba za a ba shi ya rubuta ba."

Jibin nan da ta faɗa, gobe ke nan.

* * *

Daga can ban zo gida ba. Na san wanda ya buga wa Mai Fensir nata, kyauta, yana ta rawar kai. Shagon Mai Inji na nufa.

Da ya gan ni har kujerarsa ya ba ni. Na ce kallon inji na zo, ban taɓa gani ba, kuma gaskiya ce. Ya zagaya da ni. Ga mai haɗiye farar takarda ya amayo ta da launi, ga wuƙar da ke yanka ɗari a sara ɗaya. Abin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Na ja takarda ɗaya daga tarin da ke gefe na murza. Ita ce.

"Wannan mai kyau ce," na ce.

Ya gyara tsayuwa. "Kaka, duk garin nan ba mai irin ta sai ni. Da kaina nake yo odarta."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya. A zagaya a gani."

"Madalla. Tsuntsayen jikata, guda nawa ka buga?"

"Biyu," ya ce. Sai ya ji abin da ya faɗa. Turaren nan nasa duk ya koma zufa.

"Ita guda ta karɓa. Ina ɗayan?"

"Babanta ne ya ce in ƙara masa. Ya ce zai rataye a ɗakinsa."

"Kai kuma da aka kore su, wa ya gaya maka har ka riga maƙwabta zuwa jaje?"

Ya ce wayarsa tana ƙara. Ba ta ƙara. Shi na ajiye shi gefe, ranarsa tana zuwa.

Yau da safe, da ka fita, na shiga ɗakinka. Na duba bango huɗu. Kalanda ce, da agogo, da ƙusar da kake rataye hula. Na ɗaga katifa, na buɗe akwati, har bayan ƙofa na leƙa. Ina addu'a in ga tsuntsayen nan, wallahi ina addu'a, don in koma in ce wa yaron ƙarya yake. Babu.

Na dawo ɗakina na tashi Mai Fensir daga barci. Na ce, "Tashi ki wanke fuska, kin samu aiki."

Ta zauna tana kallona. Na gaya mata labarin takardun ƙarƙashin kwanuka, ta yi dariya tana kuka, ta rungume ni har sai da haƙarƙarina ya yi ƙara. Sai ta tsaya cak.

"Shi fa?"

"Ba shi ya sa ba."

"Kin tabbata?"

"Yatsuna sun tabbata."

"To wa ya sa, Kaka?"

Ta dube ni, ta dubi ƙofar ɗakinka ta taga. Yarinyar nan ba jaka ba ce, mai lura da tsuntsu a kan waya ce. Na ga lokacin da ta gane. Ba ta yi ihu ba, gara ma da ta yi.

"Shi ya sa ya yi shiru," ta ce a hankali. "Na kira shi ɓarawo a ƙofar gidanmu, mutane suna wucewa. Ya tsaya ya shanye."

"Ya shanye."

"Ba zan je aikin ba."

"Ke, kina da hankali? Shekara huɗu kina..."

"Kaka, in zauna a kujera kullum, ta kusa da ni babu kowa, na san dalili? In ɗauki fensir da wane hannu? Idan aka rubuta shi ɓarawo, ni ma na bar zane. A mayar da takarduna ƙarƙashin kwanuka, can suka dace."

"To ki je ki faɗa wa matar gaskiya."

"In tsaya gaban baƙi in ce ubana ne? Shi bai iya ba, ni zan iya?"

Ta kifa kai a cinyata. Zanin nan da ke jikina, taɓa ka ji, bai bushe ba.

Na san abin da ka lissafa. Ka ce za a ga zane biyu, a kori yaron, a ɗauki 'yarka, alkawarinka ya warware ba tare da ka karya shi da bakinka ba. Ba ka san yadda masu zane ke aiki ba, ba ka kuma tambaya ba. Ka harbi ɗan mutane, ka samu 'yarka. Kwana shida kana wuce ƙofar ɗakina kana jin kukanta, kana zuwa ka ci abincinka.

Yara biyu sun rufe baki don kada ka ji kunya. Ni ba zan rufe ba, ni na haife ka, kunyarka na sha wanke ta tun kana zanin goyo.

Gobe ƙarfe tara ina bakin ƙofa da sandata. Hawa uku ne, gwiwarka ba ta fi tawa ciwo ba. Za ka tsaya gaban mai tabarau, da yaron, da 'yarka, ka faɗi wanda ya buɗe leda ya zura takarda ya manne ambulan ya yi addu'a a kai. Idan ba ka fito ba, ni zan hau in faɗa, kuma ka san muryata ba ta san ɗaki mai sanyi ba.

Sauke hannunka daga kunnen nan. Tana bayan labule tana jin mu, a wurina ta koya. Dube ni ka amsa: kai ne, ko ba kai ba ne?